Yadda nake cire tiyon mai kafin in sauke tankin babur

Ina ɗan shekara 15, wata na uku ke nan da fara koyon gyaran babur, maigidana ya ce in sauke tankin wani tsohon mashin kafin ya dawo daga sayen kaya. Na kwance notin baya, na ɗaga tanki, sai na ji wani abu ya riƙe shi ta ƙasa. Maimakon in leƙa, sai na ƙara ƙarfi. Ƙas! Hancin famfon mai, wato ɗan bututun da tiyo ke kamawa, ya ɓalle, kuma ashe famfon a buɗe yake. Fetur ya wanke mini wando, ya gangara ƙasa ya nufi rumfar mai shayi da ke maƙwabtaka da mu. Allah ya sa a lokacin bai hura wuta ba. Da maigida ya dawo ya tarar da ni rungume da tanki na toshe ramin da babban yatsa, bai dake ni ba. Kallona kawai ya yi ya ce, "Kai yaro, tiyo igiyar guga ce da za ka ja?"

Sama da shekara 20 ke nan da wannan rana, kuma har yau duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, maganar nan nake fara gaya masa. Sauke tanki ba wani babban aiki ba ne, noti ɗaya ne ko biyu. Abin da ke ɓata shi ɗan tiyon nan ne da tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Kuma dole ce ke sa a taɓa shi, domin a yawancin babura koyil, da damin wayoyi, da wayar totur, duk a ƙarƙashin tanki suke kwance. Haka nan idan tsatsa ta ci cikin tankin, ko ruwan damina ya shiga, ko za a kai shi fenti.

Kafin ka ɗauki filaya, tsuguna ta hagun babur ka dubi ƙasan tanki. Abin da za ka gani iri uku ne. In ka ga famfo mai ɗan hannu, an rubuta ON da OFF da RES, tiyo ɗaya ya sauka zuwa kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, to wannan shi ne namu na yau da gobe: Boxer, Jincheng, Haojue, da duk dangin Honda CG125 da aka fara ƙerawa a 1975, wanda kamfanoni da dama suka kwaikwayi injinsa. In ka ga famfo amma tiyo biyu ne a jikinsa, babba da ƙarami, kuma ka nemi OFF ka rasa, sai PRI, wannan mai aiki da zuƙar inji ne. In kuma babu famfo sam, kuma da ka murɗa makulli sai ka ji wani ɗan kuka "ziii" daga cikin tanki na kamar daƙiƙa 2 ya yi shiru, mai injekta ne, wato mai fesa wa inji mai ba tare da kafireta ba, kuma nasa sha'anin daban.

Wuri da shiri

Ba ruwan fetur ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Tururin kuma ya fi iska nauyi, don haka ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi kamar maciji, ya shiga kwata, ya bi ƙarƙashin ƙofa. Kana iya ganin murhu can nesa ka ce ai ba komai, alhali tururin ya riga ka isa wurin. Saboda haka ka fito da babur fili, a inuwa. Ban da cikin ɗaki, ban da zauren da ake kunna janareta. Ka duba ko mai walda na aiki kusa, ko mai tsire, ko wani na zuƙar sigari. Da dare kuwa fitilar batir kawai. Na taɓa ganin wanda ya ƙyasta ashana don ya ga inda kilif, ɗan zoben da ke riƙe tiyo, ya faɗi, ba zan ƙara cewa komai a kai ba.

Inji ya huce. Awona shi ne in iya ɗora tafin hannu a kan silinda in bar shi ba tare da na zabura ba. Wuyan salansa na yin zafin da ya isa ya tada fetur ba tare da tartsatsi ba, kuma ba shi da nisa da inda man zai ɗiga.

Ka kafa babur a ƙafar tsakiya. Ka tanadi filaya, sukundireba mai faɗin baki, sifana 10 da 12, tsumma biyu ko uku, ƙaramar tasa ta ƙarfe, jarka mai murfi, da bokitin yashi a gefe. Yashi na ce, ba ruwa ba. Fetur yana taso wa ruwa ne, in ka watsa wa wutarsa ruwa ka ba ta jirgin da za ta zagaya gari. Sannan ka cire sirdi da murfin gefe, ka kwance wayar batir mai alamar ragi, ita kaɗai ta isa. Ita ake fara cirewa domin jikin babur gaba ɗaya da ita yake haɗe, ko sifana ta goga a ƙarfe ba za ta yi tartsatsi ba. In ka fara da mai alamar ƙari sifana ta taɓa firam, za ka ga walƙiya a gefen tankin fetur.

Rage man da ke ciki ma yana da kyau. Litar fetur ɗaya ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, wato tankin da ke cin lita 11 in yana cike, man kaɗai ya haura kilo 8, ga shi yana kai da komo a hannunka. Kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, babu mai babur da zai yafe maka kofi ɗaya da ya zube. Hanyar zuƙewa ita ce ta famfon kansa: ka sa dogon tiyo a hancinsa zuwa cikin jarka, ka juya hannun zuwa RES. Dalili kuwa, a cikin tanki famfon nan yana da ƙofa biyu. Ta ON doguwar tsinke ce da ke sha daga sama, ta RES gajeriya ce da ke sha daga gindi. In ka bar shi a ON zai tsaya ka ɗauka ya ƙare, alhali da saura. Kuma ruwa da dauɗa a gindi suke kwanciya, don haka ka dubi kofin farko da ya fito, shi zai ba ka labarin cikin tankin, musamman ga masu yawan sayen man bumburutu a galan.

Kada ka zuƙa da baki. Na san kowa na yi, ni ma na yi a da. Haɗarin ba a ciki yake ba, a huhu yake: ɗan kaɗan in ya sarƙe ka ya bi ta maƙogwaron iska, yana ƙona huhu. In tsautsayi ya sa yaro ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke tura man cikin huhu. A kai shi asibiti.

Mai famfo na yau da gobe

Juya hannu zuwa OFF. Amma ka sani, rufe famfo bai kwashe man da ya riga ya sauka ba. Akwai mai a cikin tiyo, da filta in akwai, da kofin kafireta. Hanya biyu ce. Ko dai tun kana shigowa da babur ka rufe famfo ka bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, sannan ka jira ya huce. Ko kuma, in injin a sanyaye yake, ka tara tasa a ƙasa ka sassauta ɗan sukurun da ke gindin kofin kafireta, man ya tsiyaye. Ni na fi son ta biyu, saboda tana gwada mini lafiyar famfon a kyauta. In man ya tsiyaye ya tsaya cak, famfo na riƙewa. In ya ci gaba da ɗiga ɗis, ɗis, ba ƙarewa, robar cikin famfon ta mutu, kuma wannan zai canja maka gefen da za ka cire.

Ga yadda nake zaɓa. Famfo mai lafiya, ta sama nake cirewa, a hancin famfon, in bar tiyo a jikin kafireta. Tanki ya tashi ba jela da za ta maƙale a firam. Famfo mai yoyo kuwa, ta ƙasa nake cirewa, a hancin kafireta, in bar tiyo a jikin tanki, in cusa masa ƙusar noti mai kauri milimita 6, wato irin wadda sifana 10 ke kamawa, in mayar da kilif a kanta. Ramin tiyon ƙananan babura bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, don haka ƙusar tana zama daram. Wasu na lanƙwasa tiyon su ɗaure da waya. Sabon tiyo yana jure haka, tsoho tsagewa yake yi a lanƙwasar, kuma ba lallai ka gani a ranar ba.

Yanzu kilif. Ɗan zoben waya ne ko na falle mai kunne biyu. Matse kunnuwan da filaya ya buɗe, ka zame shi baya a kan tiyo kamar faɗin yatsa biyu, ya wuce inda hancin ƙarfen ya ƙare, ka sake shi a nan. Kada ka zare shi gaba ɗaya. In ya yi tsalle ya faɗa cikin yashin gareji, sai dai ka haƙura.

Sai wurin da na yi ɓarna ina yaro. Tiyon da ya shekara a wurin ya riga ya manne wa hancin, ga shi hancin yana da ɗan tudu a bakinsa da aka yi musamman don hana shi zamewa. Roba kuma halinta ne in ka ja ta sai ta miƙe ta tsuke, wato iya jan da ka yi iya ƙara damƙar da take yi wa ƙarfen. Shi ya sa ja ba ya fitar da shi, sai dai ya fitar da hancin tare da shi. Jikin famfon nan ƙarfe ne mai gautsi, hancin kuma sau da yawa dasa shi kawai aka yi a rami. A wasu kafiretocin ma na roba ne.

Abin yi, ka naɗa tsumma a wurin, ka riƙe jikin famfo da hannu ɗaya, ka kama tiyo daidai kan hancin da ɗaya hannun, ka murɗa shi hagu da dama a hankali. Ba lanƙwasawa sama da ƙasa ba, murɗawa, kamar mai buɗe murfin kwalba. Za ka ji lokacin da ya saki, wani ɗan "ƙyat" yake yi, daga nan ya fara juyawa sumul. In yatsu sun gaza, ka sa filaya a kan tsumman, riƙo mai laushi, don haƙoranta kada su huda robar ko su matse hancin da ke ciki. Da ya fara juyawa, sai ka tura shi daga bakinsa: ka sa farcen babban yatsa, ko faɗin sukundireba, a leɓen tiyon ta wajen jikin famfo, ka ingiza shi waje kana murɗawa. Turawa tana sa roba ta kumbura ta buɗe, saɓanin ja. Ka lura, a leɓe na ce. Kada ka cusa tsinin sukundireba tsakanin tiyo da hanci kana ɓanɓara, za ka yi wa hancin zane, kuma ta wannan zanen mai zai riƙa tsatsa har abada ko da sabon tiyo.

In ya ƙi fa? A lokacin hunturu na fi haɗuwa da wannan, tiyo ya bushe ya zama kamar ƙaho. Aika yaro ya karɓo ruwan zafi a kofi wurin mai shayi, ka jiƙa tsumma ka naɗe wurin minti biyu ko uku. Roba za ta yi laushi. Ruwan ake kawowa wurin babur, ba a kai babur wurin wutar. In hakan ma bai yi ba, ka daina kokawa. Ɗauki reza ka tsaga tiyon a tsaye, daga leɓe zuwa inda hancin ya ƙare, da hannu mai sauƙi don kada ka kai ga ƙarfen, ka ɓare shi kamar ɓawon rake. Tiyon da sai da aka kai ga haka dama ya gama aiki. Masu babur kan ce, "Oga, a lallaɓa shi dai." Amsata kullum ɗaya ce: Malam, kuɗin tiyo ka fi so ka biya ko na famfo? Garin neman gira kada a rasa ido.

Da ya fita, ɗan man da ya rage zai zubo a tsumma. Toshe bakin da ya rage a buɗe, ko da ƙullin leda da robar ɗaure kuɗi ne. Ramin ƙaramin jet na kafireta, 'yar ƙofar da mai ke bi, bai kai rabin milimita ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana babur tsayuwa a silo, wato aiki ba a murɗa totur ba. In kuma aikin zai kwana biyu, akwai wani maƙiyin: zanzaro. Ba sau ɗaya ba na tarar ya cika bakin tiyo da laka ya yi ɗakinsa a ciki.

Mai tiyo biyu, da roba-roba

Famfon da ke da PRI, wanda aka fi gani a babura ƙirar Suzuki da Yamaha, ba shi da OFF saboda shi ke rufe kansa. A cikinsa akwai 'yar fatar roba da sifirin ke dannewa. Ƙaramin tiyon yana zuwa ne wuyan da ke tsakanin kafireta da inji. In inji ya tashi, zuƙarsa ta janye fatar, mai ya sauka. In ya mutu, ƙofa ta rufe. Don haka a nan ka bar hannun a ON ko RES. PRI ita ce ƙofar da ke zuba ko inji a kashe, an yi ta ne don cika kafiretan da ya bushe. Mutane da yawa suna ganin babu OFF sai su ɗauka PRI ce madadinta, su juya can, su cire tiyo, su yi wanka. Amma in zuƙe tanki kake so, ita ce ƙofarka.

Cire tiyon biyu duka, ka sa wa ɗaya alama. In ka ga ƙaramin a jiƙe da fetur, fatar ta huje, inji yana shan ɗanyen mai ta bayan gida. Shi ne za ka ga fulogi ya yi baƙi ƙirin, mai kuma ba ya auki.

Roba-roba kuma tarkonsa daban. Tankinsa a ƙarƙashin sirdi yake, kuma da yawansu famfon ba a jikin tanki yake ba, a jikin kafireta yake. Ka rufe shi, ka rufe ƙasa ne kawai, tsakanin tanki da famfo a cike yake da mai ba shamaki. Tsofaffin Honda Cub ma tiyo biyu ne ke saukowa daga tanki, ɗaya na ON ɗaya na RES. A irin wannan sai dai ka zuƙe tankin tukuna, ko ka riƙe ƙusarka a hannu a shirye, kana zare tiyo kana toshewa. Haka wasu manyan babura da tankinsu ya rabu gida biyu a kan firam suna da ɗan tiyo a ƙasa da ya haɗa ɓangarorin. Shi ma ba famfon da ke tsare shi, sai an zuƙe.

Mai injekta

Yawancin baburan da ake kawo mana har yanzu kafireta ne, amma masu injekta na ƙaruwa: manyan babura 'yan tokumbo, da sababbin sikuta. A Indiya, tun da dokar hayaƙi ta BS6 ta fara aiki a watan Afrilun 2020, akasarin sababbin babura can sun koma injekta. Don haka gara bakanike ya iya tun yanzu.

A nan mai ba gangarowa yake yi da nauyinsa ba. Akwai ɗan injin tura mai a cikin tanki, wanda muke kira fam, yana matsa shi da ƙarfin da ya kai kusan "bar" 3 a ma'aunin matsi, wato wajen 43 a agogon mai faci. Tayar bayan baburanmu ma wajen 30 ake ba ta. Kuma ƙarfin nan yana zama a cikin tiyo bayan an kashe inji. Ka cire shi haka nan, feshi zai yi maka a ido.

Sai an sauke ƙarfin tukuna. Nemo soket ɗin wayar fam, yawanci a ƙasan tanki ko ƙarƙashin sirdi, ka zare shi. Tada inji ka bar shi a silo har ya mutu da kansa, ba ya ɗaukar lokaci. Danna sitata sau ɗaya ko biyu don ragowar. Kashe makulli, sannan ka cire wayar batir. Ka ga a nan batir a baya yake zuwa, ba a farko ba. Wasu na zare fiyus maimakon soket. Yana yi a wasu baburan, amma a wasu fiyus ɗin ɗaya ne da na injekta da kwamfutar inji, sai injin ya ƙi tashi sam, ka ɗauka ƙarfi ya sauka alhali yana nan yadda yake.

Tiyon injekta ba kilif ɗin waya ne da shi ba, kai ne na roba mai tauri da ke kulle kansa a hancin fam. Fara goge ƙurar da ke kewaye da shi, domin ramin injekta ya fi na jet ƙanƙanta. Sannan ka haska fitila ka karanci makullin kafin ka taɓa. Wani kunne biyu ne a gefe da ake matsewa da yatsu. Wani yana da murfi da ake zamewa gefe kafin maɓallan su bayyana. Wani kuma ɗan sakata ne mai launi da ake ɗagawa da ƙaramin sukundireba. Ko wanne ne, dabarar ɗaya ce: naɗa tsumma, ka fara tura kan ciki kaɗan zuwa wajen fam don nauyi ya sauka daga haƙoran makullin, ka matse, sannan ka zaro shi a miƙe. Nan kaɗai ne ake ja, kuma kan ake ja, ba tiyon ba. In ya ƙi, makullin ne bai buɗe ba, ba ƙarfi ne ya gaza ba. Filaya ba ta da aiki a nan. Hancin fam na roba ne, haɗe yake da jikin fam ɗin, in ya karye sau da yawa sai an sayi fam sukutum, kuma kuɗinsa zai sa ku ɓata da mai babur.

Ɗaure kowane baki da leda mai tsabta. Ka leƙa zoben robar da ke cikin kan, in ya tsage ko ya baje a canja. Littafin gyara na Honda ma cewa ya yi a sa sabon ɗan makullin duk lokacin da aka cire. Tsofaffin masu injekta kuma wasu da ƙusa mai rami aka ɗaure tiyon, da zoben washa biyu masu laushi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Waɗannan washa sau ɗaya suke aiki. Irin su kan zo da tiyo na biyu da ke mayar da rarar mai cikin tanki, kuma shi yana zuba da nauyin man, sai an toshe.

Ɗagawa da mayarwa

Miƙar da kan babur sosai don kada gaban tanki ya daki makunnin hannu. Kwance notin baya, ka adana robarsa da ɗan bututun ƙarfen da ke ciki. Ɗaga bayan tanki kamar faɗin tafin hannu, ka tokare da guntun katako, ka leƙa. In babur na da agogon mai, akwai wayarsa a nan, zare ta a soket. Wasu tankunan suna da siririn tiyon shan iska da na zubar da ruwan da ya taru a bakin murfi. Ɗauki hotonsu da waya kafin ka cire, domin in ka musanya su ko ka matse na iskan wajen mayarwa, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu kamar mai ya ƙare, ka buɗe murfi ka ji "fuu", ya sake tashi. Bayan ka tabbata babu abin da ya rage a haɗe, ja tankin baya, zai zame daga robobi biyu da ke gefen firam ta gaba. Sukan faɗi, tsince su.

Kada ka dire tanki a ƙasa a kan famfonsa ko a kan hancin fam. Tsohuwar taya nake kwantarwa in ɗora shi, famfon ya faɗa cikin ramin. A inuwa, a zaune daidai, domin murfin yana da ƙofar iska, in ya karkata zai yi yoyo.

Wajen mayarwa, in sabon tiyo za ka sa, nemi baƙin tiyon mai na ainihi. Farar robar nan da magina ke awon lebur da ita tana da kyan gani don ana hango mai a ciki, amma fetur da rana suna busar da ita cikin 'yan watanni, ta saki hanci. A kan injekta kuwa ko kusa, nasa tiyon na musamman ne. Auna tsawo da tsohon. In ya yi gajere zai riƙa jan hanci duk lokacin da aka faɗa rami, in ya yi tsawo zai lanƙwashe ko ya kwanta a kan silinda. Ya gangara daga famfo zuwa kafireta ba tare da ya hau tudu ba. Filta na da kibiya a jiki, ta kalli kafireta. Ɗan ɗigon fetur a hancin ya isa ya sa tiyo ya shige, ka tura shi har ƙarshe, ka dawo da kilif bayan tudun hancin, ba a kansa ba. Ka tuna ka ɗaure sukurun gindin kafireta da ka sassauta ɗazu, yaran garejina sun fi mantawa da shi fiye da komai.

Buɗe famfo kafin ka mayar da murfin gefe, ka jira minti ɗaya kofi ya cika. Mai PRI, ka ba shi PRI na ɗan lokaci ka dawo da shi ON. Mai injekta, tura kan har ka ji "ƙyas", ka ɗan ja shi baya ka tabbata ya kulle, haɗa soket da batir, ka murɗa makulli ka kashe sau uku ba tare da ka tada inji ba, fam ya cika layi. Sannan ka bi kowane mahaɗi da busasshen yatsa. Fetur na saurin bushewa, ido kan rasa shi, don haka ni farar takarda nake dannawa a wurin in duba ko ta yi tabo. In mai babur ba ya sauri, nakan shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin mu je mu yi sallah mu dawo, in duba kwalin kafin in miƙa masa makulli.